Plus-que-parfait ya tsaya mini a wuya, malamai a taimaka

Ummi Kano: Assalamu alaikum 'yan zaure. Gwajin Faransanci na tafe kuma an ce plus-que-parfait, ɗaya daga cikin lokutan aikatau na abin da ya wuce, zai fito. Passé composé na kama shi, imparfait ma ba laifi, amma wannan na ukun ya ƙi shiga. Wata a ajinmu ta ce ana amfani da shi ne idan abu ya faru tun da daɗewa. To daɗewar nawa? Wata? Shekara?

Sadiq: Wa alaikumus salam. Haka nake ɗauka ni ma. Abin jiya passé composé, abin shekarun baya plus-que-parfait. Ki haddace teburin juya aikatau kawai ki wuce wurin.

Mushe Laminu (Damagaram): Sadiq, tsaya tukuna kada ka kai yarinya ka baro. Daɗewa ba ta cikin lissafin ko kaɗan. Dubi wannan: Le Niger est devenu indépendant en 1960. Abu ne na shekaru fiye da sittin, amma passé composé ne, kuma daidai yake. Yanzu dubi wannan: Quand tu as appelé tout à l'heure, j'avais déjà éteint le réchaud. Kiran da kashe rishon duka yanzun nan aka yi su, ko shayin bai huce ba, amma ga plus-que-parfait a zaune. Abin da ake dubawa shi ne wane aiki ya riga wane. Ayyuka biyu ne, duka sun wuce, ɗaya ya gama faruwa kafin ɗayan. Wanda ya riga ɗin shi ke ɗaukar plus-que-parfait.

Ummi Kano: Malam, to ginin nasa fa?

Mushe Laminu (Damagaram): Ginin ba ya cin minti biyu, ɗiyata, tunda kin ce kin iya sauran biyun. Ɗauki passé composé, ki mayar da aikatau mataimaki, wato avoir ko être, zuwa imparfait, ki bar participe passé, wato kalmar da ke biye da shi irin mangé, yadda yake.

J'ai mangé ya koma j'avais mangé. Je suis parti ya koma j'étais parti.

Da avoir: j'avais fini, tu avais fini, il avait fini, nous avions fini, vous aviez fini, ils avaient fini.

Da être: j'étais venu, tu étais venu, il était venu, nous étions venus, vous étiez venus, ils étaient venus.

Ke mace ce, don haka j'étais venue za ki rubuta, da e a ƙarshe. Duk aikatau da ya ɗauki être a passé composé shi zai ɗauka a nan, ba a sake rabon gado.

Rabi Maraɗi: Mushe ina wuni. Ni abin da ke kada ni a dictée, wato shifta, shi ne avais, avait da avaient, duk sauti ɗaya kunne ke ji.

Mushe Laminu (Damagaram): Lafiya lau Rabi. Kunne ba zai fisshe ki a nan ba, mai aikin za ki duba. Je da tu suna tafiya da s, il da elle da t, jam'i da ent. Inda kunne ke da aiki shi ne nous avons fini da nous avions fini. Wannan ƙaramin i ɗin shi kaɗai ya raba lokutan biyu, kuma yara da yawa sun zubar da maki a kansa don mai karanta dictée ya yi sauri.

Baba Tafinta: Salamu alaikum. Na jima ina karantawa ban sa baki ba. Bayanin Malam Laminu daidai ne, amma bari in zo wa yaran ta ƙofar gida, domin abin nan muna yin sa da Hausa kullum ba mu lura ba. Ku saurari jimlolin nan biyu:

Muka iso tasha, motoci suka tashi.
Muka iso tasha, motoci sun tashi.

A ta farko, a gaban idonku suka tashi, wataƙila ma kuna ciki. A ta biyu kun tarar da fili, sai masu sayar da rake. Bahaushe in yana ba da labari da "suka, suka, suka" yake tafiya, aiki na bin aiki. Da zarar ya saki "suka" ya ɗauko "sun" a tsakiyar labari, to ya ja da baya ke nan don ya faɗi abin da ya riga ya faru. Sau da yawa ma yakan ƙara "ashe" ko "riga": ashe sun riga sun tashi. To Bafaranshe da plus-que-parfait yake wannan ja da bayan.

Quand nous sommes arrivés, les cars sont partis. Wannan ita ce ta "suka".
Quand nous sommes arrivés, les cars étaient partis. Wannan ita ce ta "sun".

Da gangan na yi misalin da jam'i. Da na ce "mota ta tashi", a baki akwai bambanci tsakanin doguwar ta da gajeruwa, amma a rubutunmu na yau da kullum ba ya fitowa.

Ummi Kano: Baba Allah ya ƙara girma. Wallahi yanzu na ga abin. Ke nan duk inda zan iya saka "riga" a Hausa, plus-que-parfait ne?

Baba Tafinta: A'a jikata, kada ki yi saurin ɗaure shi haka. In kin ce wa mai kawo miki abinci "na riga na ci", wannan j'ai déjà mangé ne, domin da yanzu kike aunawa. Sai in kin ce "lokacin da ta kawo abincin na riga na ci", sannan ya zama j'avais déjà mangé. Sai ma'aunin kansa ya kasance a baya.

Sadiq: Ni dai har yanzu ina kan bakana. Duk wannan falsafar ba za ta hana mutum faɗuwa ba in bai san participe passé na prendre ko naître ba. Ranar jarrabawa ba za a tambaye ka "suka" da "sun" ba, za a ce mets les verbes au plus-que-parfait, a jero maka aikatau goma. Mai hadda ya cinye, mai fahimta ya tsaya yana tauna biro.

Mushe Laminu (Damagaram): Rabin maganarka gaskiya ce. Pris, né, mort, écrit, ouvert, reçu, vécu, dû, waɗannan ba a gano su da wayo, sai an haddace. Amma ka lura, wannan haddar ta passé composé ce, tun can ya kamata a yi ta. Plus-que-parfait bai zo da sabon participe ko ɗaya ba. Kuma irin tambayar da ka faɗa ita ce mai sauƙi. Akwai wadda za a ba ka labari da gurabe a ce mets au temps qui convient, a nan teburin da ka haddace ba zai gaya maka wanne za ka ɗauko ba. Balle rédaction, wato rubutun insha'i. Ina gyaran takardun 'yan troisième, ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare, masu shirin jarrabawar BEPC, sai ka ga yaro ya iya teburin kamar ruwa, amma labarinsa daga farko har ƙarshe passé composé ne, ka rasa ɓarawon ya gudu ne kafin mai gida ya farka ko bayan ya farka.

Sadiq: To Mushe, ai ko a haka za a gane.

Mushe Laminu (Damagaram): Wani lokaci a gane, wani lokaci ma'anar ta juye. Quand le médecin est entré, le malade est mort. Quand le médecin est entré, le malade était mort. A ta farko dangi za su iya riƙe likita da magana. A ta biyu gawa ya tarar.

Auwal Garwa: Gaisuwa daga Kamaru. Wani abu nake son a warware mini. Kun ce sai da ayyuka biyu. Amma nan wurinmu kullum za ka ji mutum ya ce je t'avais dit, ko je t'avais appelé hier, ya tsaya nan, babu aiki na biyu. Kuskure ne?

Baba Tafinta: Je te l'avais dit ba kuskure ba ne, ko a Faris haka ake faɗa. Aiki na biyun yana nan, ba a furta shi ba ne kawai don kowa ya gan shi. Ka ba wani bashi, ya gudu, abokinka ya ce je te l'avais bien dit. Gudun mai bashin shi ne aiki na biyu. Kamar dai "ai sai da na gaya maka". Haka in ka shiga ofis ka ce j'étais venu vous demander un service, kana tsaye a gaban mutumin, wannan ladabi ne, ana ja da maganar baya don kada ta yi kaifi. Shi kuwa je t'avais appelé hier, in nufinka kawai ka kira shi jiya, je t'ai appelé hier ya wadatar. A hira ba wanda zai tsayar da kai. A takardar jarrabawa kuwa jan biro zai hau.

Rabi Maraɗi: A koma kan être don Allah. Mu an koya mana da zanen gida, la maison d'être, mai shiga da mai fita da mai hawa da mai faɗowa. Sai ga shi a wani texte na ga elle avait sorti la marmite. Ba sortir na cikin gidan ba?

Hauwa Zariya: Mu kuma da DR MRS VANDERTRAMP aka koya mana, kowane harafi aikatau guda. Har na je Ƙauyen Faransanci na Badagry da shi nake lissafi a yatsu.

Mushe Laminu (Damagaram): Gidan da sunan duk abu ɗaya suke tarawa: aller, venir, arriver, partir, entrer, sortir, monter, descendre, rester, tomber, naître, mourir, retourner, devenir da 'yan uwansu irin revenir da rentrer. Amma wasu daga cikinsu fuska biyu gare su. In ita ce ta fita da ƙafarta, elle était sortie. In wani abu ta fitar, wato akwai karɓau, sai avoir ya karɓi aikin: elle avait sorti la marmite. Hausa ma ta raba "fita" da "fitar da". Haka monter, descendre, rentrer, retourner da passer suke. Il était descendu, ya sauko. Il avait descendu les sacs, ya sauko da buhuna.

Wani abin da ke ba yara mamaki, être kansa da avoir yake tafiya. J'avais été malade. Babu j'étais été a duniya. Avoir kuma j'avais eu.

Hauwa Zariya: Malam, j'avais été ɗin nan shi ne nake gani a passif?

Mushe Laminu (Damagaram): Shi ne. Quand le Niger est devenu indépendant en 1960, la République avait déjà été proclamée. An shelanta jamhuriya ranar 18 ga Disamba 1958, 'yancin kai ya zo ranar 3 ga Agusta 1960. Kin ga wanda ya riga ya ɗauki avait été proclamée, da e saboda la République.

Rabi Maraɗi: Mushe ga nawa misalin: En 1960, Zinder avait déjà perdu son titre de capitale. 😂

Mushe Laminu (Damagaram): Jimlar ba ta da aibu, tun 1926 aka ɗauke babban birni daga Zinder, wato Damagaram ɗinmu, aka mayar Yamai. Amma Rabi za mu haɗu. Maraɗi ko sau ɗaya ba ta taɓa riƙewa ba balle ta rasa.

Ɗan Agadas: Ni ban ga dalilin wannan wahalar ba. Tun Maris na 2025 kundin da aka kafa a Nijar ya ce Hausa ce harshen ƙasa. Mu bar wa masu shi kayansu.

Admin: Kundin ya kuma bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, kuma yaran nan jarrabawa ce a gabansu. Mai son waccan muhawarar ya buɗe mata wuri daban. A ci gaba.

Ummi Kano: Malam Laminu, accord fa? Nan ne nake ganin duhu. Yaushe ake ƙara e da s, yaushe ba a ƙarawa?

Mushe Laminu (Damagaram): Nan ne ainihin wahalar, kuma ita ma gadon passé composé ce. Da être, participe na bin mai aikin a jinsi da adadi: elle était partie, ils étaient partis, elles étaient parties. Da avoir, ba ruwansa da mai aikin. Elle avait écrit une lettre, ko mata ɗari ne suka rubuta, écrit ba ya motsi. Sai in karɓau ya rigaye shi a jimla, sannan ya bi karɓau ɗin: la lettre qu'elle avait écrite, les clés que j'avais prises, je les avais vues.

Ki riƙa gwadawa da aikatau irin écrire, prendre, mettre, faire, domin a nan kunne na jin bambancin: écrit da écrite, mis da mise. In kin saba da waɗannan, hannunki zai riƙa tunawa ko a wurin mangé da mangée inda ba a jin komai.

Sai aikatau masu se, irin se couper da se lever. Dukansu être suke ɗauka, amma accord ɗinsu na da tarko. Elle s'était coupée, ta yanke kanta, da e. Elle s'était coupé le doigt, babu e, domin abin da aka yanka yatsa ne kuma ya zo daga baya. Elles s'étaient parlé, babu komai, saboda parler à quelqu'un ake cewa, se ɗin nan ba karɓau na kai tsaye ba ne. Elles s'étaient vues kuwa da es.

Sadiq: Kai! Wannan ai mugunta ce. Wa ya ƙirƙiro ta?

Baba Tafinta: Ta avoir ɗin dai ana jingina ta ga wani mawaƙin ƙarni na 16, Clément Marot, wanda ya kwaikwayo ta daga Italiyanci. Kuma ba kai kaɗai ke kuka ba. A 2018 wasu malamai biyu 'yan Beljiyam sun fito a jarida sun nemi a daina wannan accord ɗin da avoir gaba ɗaya, aka yi ta ce-ce-ku-ce a ƙasashen masu Faransanci. Ni ra'ayina suna da hujja, sa'o'in da ake ƙonawa a kan e ɗin da ba a furtawa da an ba yara su yi rubutu da karatu da ya fi. Amma ƙa'idar na nan daram, mai gyaran takarda da ita zai auna ku.

Mushe Laminu (Damagaram): Baba a nan kam ban bi ka ba. Accord ɗin nan shi ke tilasta wa yaro ya nemo karɓau a jimla. In aka cire shi, me zai sa ya tsaya ya tambayi kansa que ɗin nan wa yake wakilta?

Baba Tafinta: Malam, Sifaniyanci ba ya wannan accord ɗin da haber, wato avoir ɗinsu, kuma yaransu na gane karɓau lafiya lau. Amma mu bar shi nan kada mu ruɗa masu jarrabawa.

Hauwa Zariya: Ba a taɓo si ba. Ni a shirin DELF B1, jarrabawar shaidar iya Faransanci, nan aka fi matsa mana.

Baba Tafinta: Wannan ita ce jimlar "da… da…" tamu. Da ka zo da wuri, da ka same shi. Si tu étais venu tôt, tu l'aurais trouvé. Ɓangaren si na ɗaukar plus-que-parfait, ɗayan na ɗaukar conditionnel passé. Abin da ke rikita Bahaushe shi ne mu "da" ɗaya muke maimaitawa a ɓangarorin biyu da lokaci iri ɗaya, sai yaro ya so ya yi haka a Faransanci, ya rubuta si j'aurais su. Wannan kuskure ne da su kansu yaran Faransa ke yi, har malamansu na da waƙar tunatarwa, les si n'aiment pas les -rais. Daidai shi ne si j'avais su, je ne serais pas venu. Wato dai "da na sani" ɗin nan da aka ce ƙeya ce.

Si la pluie était tombée en juin, le mil aurait bien donné. Da ruwa ya sauka a Yuni, da gero ya yi kyau. Kuma yana tsayawa shi kaɗai wurin nadama: si seulement j'avais écouté ma mère!

Auwal Garwa: Baba amma na taɓa ganin je me demandais s'il viendrait a rubuce. Ga si ga -rait.

Baba Tafinta: Idonka na da kyau. Wannan si ɗin na "ko" ne, ina tunanin ko zai zo. Ba sharaɗi ba ne, don haka dokar ba ta hau kansa ba.

Mushe Laminu (Damagaram): Saura discours indirect, wato kawo maganar wani da bakinka, shi ma Hausa na ja mana ƙafa a wurin. Mu muna cewa "ya ce ya biya", lokacin bai canza ba. A Faransanci in aikatau na faɗa yana baya, passé composé na cikin maganar sai ya ja da baya shi ma. Il a dit : « J'ai payé. » ya zama il a dit qu'il avait payé. In kuwa il dit ne, na yanzu, ba a taɓa komai: il dit qu'il a payé.

Korewa kuma mataimakin ake kewayewa: je n'avais pas compris, je n'avais rien mangé, je ne le lui avais pas dit. Personne kuwa tsallakewa yake yi bayan participe: je n'avais vu personne.

Rabi Maraɗi: Mushe, il eut fini da nake gani a littattafan lycée fa, shi ma ɗan gidan ne?

Mushe Laminu (Damagaram): Passé antérieur ke nan, abokin tafiyar passé simple, a rubutun adabi kawai za ki same shi. Dès qu'il eut fini, il sortit, sau ɗaya abin ya faru. Dès qu'il avait fini, il sortait, al'adarsa ce kullum. Ummi, ke wannan bai shafi gwajinki ba, kada ki ɗora wa kanki.

Ga aiki, a saka a plus-que-parfait, kada manya su amsa:
1. Quand l'imam est arrivé, les femmes (finir) la cuisine.
2. Aïcha a retrouvé la bague qu'elle (perdre).
3. Les filles (se lever) avant l'aube.
4. Si nous (savoir), nous aurions pris la moto.
5. Elle (monter) les valises avant notre arrivée.

Ummi Kano: 1. avaient fini 2. avait perdue 3. s'étaient levées 4. avions su 5. était montée

Sadiq: 1. avaient finies 2. avait perdu 3. s'étaient levées 4. avions su 5. avait monté

Mushe Laminu (Damagaram): Ummi huɗu cikin biyar. Ta biyar ki sake dubawa, ita ce ta hau ko kaya ta hau da su? Akwai les valises a bayan aikatau, don haka avait monté, kuma babu accord tunda akwatunan daga baya suka zo. Sadiq uku. A ta ɗaya ka bi les femmes alhali avoir ne, fini kawai. A ta biyu kuma inda ake son e ɗin ka hana, la bague ta riga aikatau, perdue.

Sadiq: Teburin dai ban kuskure shi ba, Mushe, ka shaida.

Mushe Laminu (Damagaram): Na shaida. Maki biyun ma na shaida sun tafi. Ummi, kafin ranar gwajin ki rubuto mana labari na layi goma, wani abu da ya faru a gidan biki ko a kasuwa, ki fara rubuta shi da Hausa, ki ja layi a ƙarƙashin duk inda kika bar "suka" kika koma "sun", sannan ki juya shi. Ki turo nan in duba bayan sallar isha'i.

Ummi Kano: To Malam, in sha Allah. Amma in labarin na mutum ɗaya ne fa, "ta" da "ta" ɗin da Baba ya ce ba sa fitowa a rubutu?

Baba Tafinta: Ki karanta shi da ƙarfi, bakinki zai ja wadda ta kamata a ja. Ko kuma ki mayar da mai aikin jam'i a zuci, ki ji "suka" ce ta zo ko "sun".